Lissafin Baya

"Na kwana nawa kike so, Mama?"

Mama Tela ta tsaya da jaka a hammata tana kallon mai sayar da irin kamar ya zage ta. Tambayar kasuwa ce, wadda yake yi wa kowa sau hamsin a rana. Amma ita da safen nan aka gama yi mata maganar kwanaki a barandar asibiti, ba ta shirya sake jin ta a bakin mai iri ba.

"Kwana nawa kamar yaya?"

"Kabejin nake nufi. Akwai mai kwana saba'in da biyar, akwai mai casa'in. Mai casa'in ɗin ya fi ƙulla kai, shi Malam yake saya." Ya leƙa bayanta kamar mai neman wanda ya ɓuya. "Wai ina malamin lissafin namu? Bana ya makara. Warhaka bara har ya zo ya gama gyara mini rubutun da ke jikin allona."

"Yana gida. Jikin ne ya ɗan motsa."

Shekara talatin da takwas tana ɗinki, ta san yadda ake ninke bakin yadi a ɓoye inda ya zare. Haka ta ninke maganar, mai irin kuma ya yi addu'ar sauƙi bai ƙara tambaya ba.

Rumfar ƙarama ce, ta matsu tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da bokitai. An ɗaura igiya daga gini zuwa gini, an maƙala fakitocin iri da abin shanyar kaya, kowane da hotonsa. Karas ɗin hoton ya yi ja ya miƙe sambal, irin wanda ba ta taɓa ganin ya fito daga bayan gidansu ba. Ita dai ba ta taɓa sayen iri ba a rayuwarta. Tsakaninta da lambun Malam ba a ga maciji. Shi ya cinye mata wurin shanya, shi ya sa taɓo ya taɓa ɓata mata farin yadin wata mai kawo ɗinki, har yau matar ba ta dawo ba. Duk shekara idan damina ta ɗauke, mijinta ya tsunduma cikin komayensa shida, waɗannan 'yan filaye masu kusurwa huɗu da yake tayar wa baki don su riƙe ruwa, ita kuma ta tsunduma cikin mita. Ta ci latas ɗin, ta ci karas ɗin, mitar kuma ba ta fasa ba.

Wata huɗu ke nan da ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa. Ya fara da hannun dama, ya bi da ƙafar, sannan ya zo kan magana ya kwashe ta kaf. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana cika aji da murya, yanzu kalma ɗaya tal ta rage masa a baki.

"Baya."

Tun da ruwan sama ya fara ja da baya yake faɗinta. Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ta ɗauki hutu daga aiki ta dawo jinya, ta ce bayansa ke ciwo, ta sayo man shafawa ta murje shi har ya yi ƙara. Da abin bai tsaya ba ta ce bayi yake nufi, ta riƙa tura kekensa na marasa lafiya zuwa ƙofar banɗaki sau shida a rana. Likita ya sa aka ɗauki hoton ƙashin bayan, ba a ga komai ba. Sai yau a tasi, suna dawowa daga asibiti, da suka wuce wani mai tura baro cike da taki Malam ya bi shi da ido har wuyansa ya ƙare, ya ce, "Baya." Nan Mama Tela ta ce wa direba ya sauke ta a kasuwa. Bayan gida yake nufi, na gaskiya, inda lambun yake.

Abin da likitan ya faɗa kuwa gajere ne. Ya fito da su baranda, ita da Auta, ya cire tabarau ya goge, ya ce aikin ba zai yiwu ba. "Wata biyu. In ya kai uku sai mu gode wa Allah. Ku kai shi gida, ku ba shi abin da ransa yake so." Auta ta riƙe hannunta ta ce, "Mama, kada ya sani." Ita ma ba ta da niyyar ya sani.

"Ba ni mai casa'in ɗin," ta ce wa mai iri. "Me ya fi daɗewa a cikin kayan nan naka?"

"Albasa. Wata huɗu da rabi, kuma sai an yi renonta an dasa. Tana son haƙuri."

"Sa mini ita. Da karas, da duk abin da ya saba ɗauka."

Ya haɗa mata biyar: kabeji, karas, albasa, latas, alayyahu. Yana ƙullawa a leda yana ba ta karatu. Ƙasa da sauran zafi, kada a yafa latas da rana tsaka. A yi masa inuwa da buhu har ya fito. Karas ba a dasa shi, inda aka zuba nan zai zauna. Kwanakin kowane suna rubuce a bayan fakitinsa. Tana ta gyaɗa kai, amma ba ta riƙe ko ɗaya ba, domin ba lambu ta zo saya ba. Dabara ce ta zo da ita. Idan ta ajiye wa Malam irin wata huɗu da rabi a cinya, zai ɗauka likita bai faɗi wani abin tashin hankali ba. Wa zai sayo wa mai wata biyu albasa?

A cikin bas ta sami gefen kujera, rabin jikinta a waje. Wata mata mai ɗauke da fanka sabuwa ta kalli ledar ta ce, "Su karas ɗin hoto. Na taɓa shukawa, abin da ya fito bai kai ɗan yatsana ba." Mama Tela ta yi mata murmushin da ake yi wa mai kawo ɗinki ranar da ba a gama ba. Wayarta ta yi ƙara.

"Mama, ina kika tsaya? Ya ƙi cin abinci. Na kai shi bayi sau biyu, na biyun har ture ni ya yi."

"Ki bar kai shi bayin nan. Ga ni nan tafe, iri na saya."

"Irin me?"

"Irin shuka mana. Na lambu."

"Mama, Baban da ko cokali ba ya iya riƙewa?"

"Na ce ga ni nan."

Ta kashe wayar ta tura cikin jaka. Tsoro ne ya cika ta, ba na mutuwar kaɗai ba. Tana tsoron shiga ɗakin ta haɗa ido da shi. A zamansu ba ta taɓa yi masa ƙarya ta kwana ba. Ko kuɗin yadi ta ƙara a baki, kallonta kawai yake yi ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa, sai ta ji dariya ta kuɓuce mata. Yanzu ga shi za ta yi masa wadda ta fi kowace girma, kuma sai ta riƙe ta wata biyu.

Ta tarar da shi a falo cikin keken marasa lafiya, fuskarsa ga bango, abinci ya huce a kan kujera. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, rigar da ita ta ɗinka daidai wuyansa bara. Auta ta tare ta a ƙofar kicin ta rage murya.

"Don Allah me za a yi da wannan? Wa zai yi noman? Wa zai yi ban ruwa? Ke da ko hanyar famfon baya ba ki sani ba."

"Na san hanyar. Ƙin bi nake yi."

"Za ki sa masa rai ne a kan abin da ba zai..." Ta haɗiye sauran.

"Likita ya ce a ba shi abin da ransa ke so. Kama mini keken."

Su biyu suka tura shi ta lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, tayar tana kama tsakuwa. Bayan gidan ya zama abin tausayi. Damina ta narkar da bakin komayen, ciyawa ta kai gwiwa, manjagara na kwance inda ya yar da ita ranar da hannun ya fara ƙin ɗaguwa, haƙoranta sun yi tsatsa. Butar ban ruwa ta cika da ruwan sama ya yi kore. La'asar ta yi, inuwar katanga ta rufe rabin filin.

Mama Tela ta koma ɗaki ta ɗauko faffaɗan katakon da take yanka yadi a kai, ta ɗora a kan hannuwan keken ya zama tebur. Ta zazzage ledar, ta jera fakitocin, ta tura na albasa gaba-gaba inda ba zai kasa gani ba.

"To, Malam, ga ka ga lambunka. Mai iri yana gaishe ka, ya ce ka makara. Ga kabejinka mai casa'in. Ga albasa, bana so nake mu cika buhu, na gaji da saye."

Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta so. Ya dubi fakitocin, ya dubi ciyawar. Gefen bakinsa mai rai ya motsa.

"Baya."

"Ai ga mu a bayan."

"Baya." Ya buga katakon da hannun hagu.

Auta ta ce, "Kin gani ko? Na faɗa miki bayan ne ke damunsa. Bari in ɗauko man."

Ya girgiza kai da ƙarfi har tabarau ya zame. Ran Mama Tela ya ɓaci, ɓacin ran wanda ya yi tafiyar kasuwa a banza. "To wane bayan kuma, bawan Allah? An shafa maka baya, an kai ka bayi, an kawo ka bayan gida. Saura wanne? Ka yi mini bayani, ni ba ɗalibarka ba ce."

Ya ɗaga ɗan yatsa ya ɗora a ƙarshen katakon ta dama. Ya ɗaga ya sauke kusa, ya sake ɗagawa ya sauke, yana tahowa hagu, taki ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi ba sauti. Ƙirga yake yi. Ya kai ƙarshe ya kalle ta ta saman tabarau.

Sai ta tuna. Duk shekara warhaka, kafin ya taɓa fartanya, yakan zauna a tabarma kusa da kekenta na ɗinki da bayan kwali da rula da jan biro. Ya zana watanni shida, daga na goma zuwa na uku. Ya zagaye rana ɗaya a cikin na ukun da ja. Sannan ya yi ta yi mata karatu tana taka keke don kada ta ji. "Tela, mu nan ba sanyi ke kashe mana lambu ba, zafi ne. Ranar da zafi ya dawo latas ya yi ɗaci, kabeji ya fashe. Saboda haka ba daga yau ake farawa ba. Ki sa hannu a ranar ƙarshe, ki ƙirgo baya. Inda kika sauka, ranar za ki shuka. In kika sauka a ranar da ta riga ta wuce, ki mayar da irin gwangwani." Ita kuma takan ce, "Sannu, malamin kabeji." Ashe ta ji, duk ƙarar keken.

"Kalanda," ta ce. "Auta, ɗauko kalandar kicin."

Kalandar kantin magani ce, falle ɗaya, watanni goma sha biyu a jere, maiƙo ya ɗan taɓa gefenta. Mama Tela ta shimfiɗa ta a katakon ta danne da fakitoci. Malam ya sauke numfashi mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka. Wata guda yana roƙon wannan takardar ana murza masa baya.

"Amma ta ƙare a watan sha biyu," ta ce, tana jin daɗin kanta. "Kai kuma daga na uku kake farawa. Tsaya in ɗauko allina in zana maka sauran."

Ta ciro allin ɗinki daga aljihun jaka. Kafin ta kai shi katako ya riƙe mata wuyan hannu. Ya girgiza kai a hankali. Ya saki, ya kai ɗan yatsansa kan takardar, ya bi watan goma ya sami yau, huɗu ga wata. Ya wuce na sha ɗaya. Ya tsaya a makon farko na watan sha biyu, ya danna wurin har farcensa ya yi fari.

A gidan maƙwabta wani yana wanke tukunya.

Ya jawo fakitin kabeji ya juya bayansa, ya karanta lambar. Ya koma inda ya danna, ya fara tahowa baya mako-mako. Ya wuce yau, ya faɗa cikin watan tara. Ya kife fakitin ya ture gefe. Karas, kwana tamanin, shi ma ya faɗa cikin kwanakin da suka wuce, aka kife shi. Latas, arba'in da biyar. Ɗan yatsan ya taho ya tsaya mako biyu gaba da yau. Ya gyaɗa kai, ya ajiye shi a dama. Alayyahu, kwana talatin, ya bi latas.

Auta ta rufe baki da mayafi ta juya ta shige lungu.

Mama Tela ta zauna a kan wani bokiti da ke kife. Kunya ta kama ta kafin baƙin ciki ya iso. Ta tuna barandar asibitin. Sun bar kekensa a bakin ƙofa kamar kayan da aka sauke daga mota, ƙofar a buɗe, su uku suna magana taku huɗu daga inda yake. Wata huɗu ke nan suna magana a kansa yana zaune, me zai ci, yaushe zai kwanta, har suka manta cewa bakin ne ya tafi, kunnen yana nan.

"Ka ji," ta ce.

Ya lumshe ido ya buɗe.

"Likita ba Allah ba ne, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya yarda da wannan. Amma bai ɗauke latas daga inda ya ajiye shi ba.

"To me ya sa ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo? Har da buhun albasa." Hawayen suka zo, ba ta tare su ba. "Shekara arba'in ban taɓa cin ka da ƙarya ba, yau ɗaya da na roƙi Allah in ci, ka ƙi bari."

Gefen bakinsa ya ɗaga. Dariya ce, irin wadda ta rage masa.

Saura fakitin albasa a tsakiyar katakon. Ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, ta kife da kanta kada ya sha wahalar ƙirga abin da kowa ya san amsarsa. Ya dafe shi. Ya karanta lambar, ɗari da talatin da biyar. Sai ya ɗora ɗan yatsa a kan yau, wannan karon ya nufi gaba. Ya ratsa watan goma, ya ratsa na sha ɗaya. Ya zo makon da ya danna ɗazu, inda farcensa ya bar shaida, ya tsallake shi bai ko tsaya ba. Ya ƙare watan sha biyu, takardar ta ƙare, ɗan yatsan ya sauka a kan katako tsirara. Ya ƙwanƙwasa wurin sau biyu. Sannan ya tura fakitin har ya taɓa hannunta mai riƙe da alli.

Ta daɗe tana kallon fakitin.

"Ni? Ni da ban san kan albasa daga gindinta ba sai a kicin?"

Ya ƙwanƙwasa katakon.

"Za ta mutu a hannuna, ka sani."

Ya sake ƙwanƙwasawa.

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta tashi daga kan bokitin, ta gyara tsayuwa kamar za ta yanka yadi mai tsada, ta ja layi a ƙasan kalandar, miƙaƙƙe ba rula. Ta zana watan ɗaya, ta raba shi gida-gida. Ta zana na biyu. Yana biye da ita da ido, da ta ba watan biyu kwana talatin ya buga katakon, ta goge biyu da yatsa.

"Na ji, na ji. Malamin kabeji."

Ɗan yatsansa ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya shiga cikin watannin alli, ya sauka a tsakiyar na biyu. Ta zagaye ranar.

Auta ta dawo idanunta jajur, ta tsaya a bakin lungu. "Mama, iska ta fara sanyi. A mayar da shi ciki."

"Ba yanzu ba. Zubar da ruwan butar can ki ɗauraye ta, ki miƙo mini manjagara." Ta juya ga mijinta, ta ɗaure mayafin a ƙugu. "Wane komin ne na reno? Nuna mini. Kuma sau nawa ake ba ta ruwa a rana?"

Ya nuna na kusa da katanga. Ya ɗaga yatsu biyu.

Ta rubuta biyu a gefen katakon. "Sai me? Yi sauri, Malam, tambayoyina da yawa."